Ciwon fitsari ya ƙi jin magani bayan dashen ƙoda, ina matsalar take?

'Yar Aboabo:

Assalamu alaikum. Likitoci da ma'aikatan lafiya na wannan zaure, ga wata matsala ku taimaka ku warware mana. Magidanci ne ɗan shekara 52 a nan Kumasi. Ya yi shekara uku ana masa wankin ƙoda, sannan aka yi masa dashe a Indiya wata huɗu da suka wuce. Yana shan takrolimus, maikofenolet da firednisolon, magungunan rage garkuwar jiki don kada jikinsa ya ƙi ƙodar, sai kuma Septrin. Tun dawowarsa wannan ne karo na uku da ciwon fitsari ke kama shi. Na farko an ba shi sifro na kwana biyar, na biyu Augmentin na mako guda. Kowanne sai abin ya lafa, kafin a rufa kwana goma ya dawo.

Yanzu sakamakon shukar fitsari ya fito: ƙwayar cutar E. coli, an rubuta ESBL a gefe. An sa R, wato ba ya ci, a gaban sifro, Augmentin, seftiriyakson da Septrin. S kuwa, wato yana ci, a gaban uku kaɗai, nitrofurantoyin, amikasin da meropenem. Kiriyatinin ɗinsa, awon jinin da ke hawa idan aikin ƙoda ya ragu, da yake 120 ya hau 168. Daren jiya zafin jikinsa ya kai 38.2, ya yi rawar ɗari, amma ya ce bayansa ba ya ciwo, sai dai nauyi-nauyi a mara ta ɓangaren dama.

Iyalinsa suna son a sayo nitrofurantoyin ya sha a gida tunda takarda ta ce S, ga shi da araha. Wannan daidai ne? Kuma me ke sa abin yake ta komowa? Ko matarsa ce ke mayar masa, ita ma a ba ta magani?

Likitan Ƙoda:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a kwana da shi a gida, a kai shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye yau, a kuma gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa mai dashen ƙoda ne. Mutumin da ke shan firednisolon da maikofenolet ba ya saurin yin zazzaɓi, don haka idan har ma'auni ya nuna 38 to abin ya yi nisa. Rashin ciwon bayan nan kuma kada ya ruɗe su. Ƙodar dashe ba a baya ake sa ta ba, a mara ake dasa ta, galibi ta dama, can saman matsematsi. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ma an yanke su tun wajen ciro ta. Wannan nauyin da yake ji a marar dama shi ne ciwon kwiɓin da wani zai ji. Zazzaɓi, nauyi a kan ƙodar, da hawan kiriyatinin, idan suka haɗu ana ɗauka ciwon ya hau ƙodar ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Nitrofurantoyin ba nasa ba ne a wannan hali. S ɗin da ke takarda yana nufin maganin ya kashe ƙwayar a faranti, bai ce zai isa inda take a jiki ba. Wannan magani a cikin fitsarin mafitsara kaɗai yake taruwa, ba ya zama a jini ko a tsokar ƙoda yadda zai yi wani aiki. Sannan da kiriyatinin 168 a namiji mai shekarunsa, ƙarfin tacewar ƙodar ya sauko wajen 42, kuma daga ƙasa da 45 maganin ba ya ma isa mafitsarar da kyau. Amikasin kuwa yana kashe ƙwayar, amma yana cin ƙoda, takrolimus ma haka. Mai ƙoda ɗaya, ita ma ta aro, ba a jera masa allurar amikasin ta kwanaki sai in babu wata mafita, kuma ana auna jini. Saura meropenem ta jijiya, ko ɗan'uwansa ertapenem idan an gwada an ga yana ci.

Kafin allurar farko a ɗebi jini kwalba biyu a shuka, a sake ɗaukar fitsari, a duba fotasiyam da ƙwayoyin jini, a yi gwajin maleriya domin nan Ghana ne, ana iya samun biyun tare. Ciwon da ya hau ƙodar dashe kwana 14 ake yi ana maganinsa, wani lokaci har 21. Kwana biyar zuwa bakwai na ciwon mafitsara ne zalla, mara zazzaɓi.

Batun komowa shi ne ya fi damuna. Idan ƙwaya iri ɗaya ta dawo cikin mako biyu da gama magani, ba sabon kamu ba ne, tsohuwar ce ba ta mutu ba. Ko dai maganin tun farko ba ya cin ta, ko kwanakin sun yi kaɗan, ko tana da maɓoya. Maɓoyar farko da za a nema ita ce siten, wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai da gindi da ake sakawa tsakanin sabuwar ƙodar da mafitsara don ɗinkin ya warke. Ana cire ta tsakanin mako biyu zuwa shida. Waɗanda aka yi wa aiki a waje sukan hau jirgi da ita a ciki, an rubuta a takardar sallama cewa a cire a gida, maganar ta faɗi a tsakanin asibiti biyu. Ƙwayoyin suna gina yauƙi a jikinta kamar gansakuka a cikin randa, magani ya kashe na sama ya bar na ƙasa. Ku ɗauko takardar sallamarsa ku duba.

In babu siten, sai mafitsara. Shekara uku yana wanki, fitsarinsa kaɗan ne, mafitsarar ta tsuke, kuma idan furostet ɗinsa, wato ƙullun da maza ke da shi a ƙasan mafitsara, ya kumbura ba wanda zai sani sai yanzu da fitsari ya dawo da yawa. A yi sikanin bayan ya gama fitsari. Abin da ya rage in ya wuce mililita 100 zuwa 150 akwai gyara. Sikanin ɗin zai kuma nuna ko ƙodar ta kumbura da fitsari, ko akwai ruwa ko ƙurji a gefenta. Akwai kuma komawar fitsari sama, domin bututun da aka ɗinka gajere ne kuma ba shi da irin makullin da Allah ya yi wa na asali. Tsofaffin ƙodojinsa ma suna nan, in masu ƙulle-ƙullen ruwa ne ƙwaya kan ɓuya a ciki.

Matarsa kuwa a ƙyale ta. E. coli daga hanjinsa take fitowa, ba ciwon sanyi na saduwa ba ne. In ba ta jin komai ba ta bukatar ko ƙwaya ɗaya.

Malamin Ɗakin Gwaji:

Likita ya gama magana kan jinya, bari in ɗan taɓa takardar kanta, domin sakamako ba ya fin samfurin da aka kawo kyau.

E. coli tana iya ninka kanta duk minti 20 idan ta samu ɗumi. Fitsarin da aka ɗauka da asuba a unguwar Sawaba, aka sa a aljihu, aka jira motar haya ta trotro, aka isa ƙarfe goma sha ɗaya, lissafinsa ya riga ya lalace. Ƙa'ida ita ce a kai cikin awa biyu, in ba hali a sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba, zai iya kai awa 24. Kwalbar ta zama ta ɗakin gwaji, ba ta magani da aka ɗauraye ba. A wanke hannu da gaba, a zubar da na farko, a tari na tsakiya ba tare da an tsaya ba. Kuma a ɗauka kafin a haɗiyi maganin farko. Ƙwaya ɗaya ta sifro da aka sha daren jiya ta isa ta hana wata ƙwayar cutar tsirowa, sai a rubuta babu komai alhali akwai.

Ana ɗibar ɗigo ne na kashi ɗaya cikin dubu na mililita a shafa a faranti, ya kwana a zafin 35 zuwa 37. Duk tsiro ɗaya daidai yake da 1,000 a mililita, tsiro 100 ke nan 100,000, wanda shi ne ma'aunin da aka saba. Ga mai alamun ciwo, ƙasa da haka ma ana ɗaukarsa da muhimmanci. Idan iri uku ko fiye suka tsiro, gurɓata ce, a sake. Sanin magungunan da ke ci yana ƙara kwana ɗaya, shi ya sa ake cewa a dawo bayan awa 48 zuwa 72.

ESBL wani sinadari ne da ƙwayar ke fitarwa yana datse magungunan dangin fenisilin da su seftiriyakson. Yadda ake tabbatar da shi, a ajiye ɗan faifan takarda mai maganin sefotaksim shi kaɗai a farantin, a ajiye wani da aka haɗa da kilabulanik asid. In da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa ta fi faɗi da milimita 5 ko fiye a na biyun, to shi ne. Abin haushin, ƙullin gadon da ke ɗauke da wannan hali yakan zo da na ƙin sifro, jentamaisin da Septrin a dunƙule, kuma ƙwayoyin suna miƙa wa juna shi. Shi ya sa kika ga R ta jeru.

Tunda daga Indiya ya dawo, a roƙi ɗakin gwaji su rubuta faɗin da'irar meropenem da ertapenem, ba S kawai ba. Sinadarin NDM, wanda ke karya har meropenem, sunansa ma daga New Delhi aka samo shi, kuma wanda ya kwanta a asibiti a can yana iya dawowa da shi a hanji bai sani ba. Ertapenem ne yakan fara nuna rauni. A kuma nemi su gwada fosfomaisin, ba kullum ake sa shi ba sai an tambaya.

Tsinken gwajin nan da ake tsomawa a fitsari kuwa, ga mai siten kusan kullum zai nuna jini da farin ƙwayar jini, ba hujja ba ce.

Mai Haɗa Magani, Asawase:

Malam, madalla da batun ertapenem. Hajiya, ga lissafin yadda yake. Meropenem giram 1 ne duk awa takwas ga mai lafiyar ƙoda. Idan tacewa ta faɗo tsakanin 26 da 50 sai ya koma duk awa 12, kuma da zarar ƙodar ta farfaɗo a mayar da shi yadda yake. Nan ake yawan kuskure, a rage ranar farko a manta ba a ƙara ba, mutum ya yi mako yana karɓar rabin abin da ya kamata. Ertapenem giram 1 ne sau ɗaya a rana, rabin giram in tacewa ta kai 30 ko ƙasa. Saboda sau ɗaya ne, wanda zazzaɓinsa ya sauka zai iya zuwa kullum a yi masa ya koma gida. Sai dai ba ya cin ƙwayoyin cutar Pseudomonas ko Enterococcus. Kuɗin kwana 14 ba kaɗan ba ne, gara dangi su zauna su haɗa na duka tun farko. Sayen na kwana huɗu a tsaya shi ne yadda ake koya wa ƙwaya ƙin meropenem ɗin ma.

Takrolimus maƙwabci ne mai wuyar zama. Kilaritromaisin, eritromaisin da fulukonazol suna ɗaga shi a jini har ya ƙona ƙodar, rifamfisin na tarin fuka kuma yana zubar da shi har jiki ya ƙi ƙodar. Gudawa ma tana ɗaga shi, abin da mutane da yawa ke ɗauka akasinsa ne. Don haka hawan kiriyatinin ɗin nan yana iya zama haɗin gambiza: ciwon, ƙarancin ruwa, da yawan takrolimus. Ana ɗibar jinin awonsa awa 12 bayan shan dare, kafin a sha na safe. In an sha na safe aka je, kuɗin gwajin ya tafi a banza. Ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, a tambaya tun ranar da aka kwantar da shi.

Kada wani ya ce a dakatar da magungunan garkuwa don jiki ya samu ƙarfin yaƙi. Likitan ƙoda zai iya rage maikofenolet ko ya dakatar da shi na 'yan kwanaki idan ciwon ya shiga jini, amma shi zai yanke. Firednisolon ma ba a yanke shi kwatsam, wani lokaci ƙarawa ake yi a irin wannan hali. Septrin ɗinsa kuma, ko da takarda ta sa masa R, ya ci gaba da sha in dai fotasiyam bai hau ba. Babban aikinsa kare huhu ne daga wata cuta da ke kama masu raunin garkuwa, aƙalla wata shida na farko.

Diklofenak da aibufurofen haramun ne gare shi, farasitamol kaɗai, shi ma a auna zafin jiki kafin a ba shi. Sifro kuwa ko da ta dawo tana ci nan gaba a yi hattara, tana tsinka agara, kuma masu dashe da masu shan firednisolon suna cikin waɗanda aka yi gargaɗi a kansu. Madara, maganin ƙarin jini da na gyambon ciki suna hana ta shiga jiki, sai a sha ta awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Duk wanda za a ba nitrofurantoyin a nan yankin, yana da kyau a san matsayin G6PD ɗinsa, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin ƙarancinsa ya yi yawa a cikinmu kuma maganin na iya fasa masa jini.

'Yar Aboabo:

Allah ya saka da alheri. An kai shi, an ba shi gado, an fara meropenem. Maleriya babu. Likita, maganarka ta fito: a shafi na biyu na takardar sallama an rubuta a cire siten bayan mako shida, kuma ba wanda ya tuna an yi. Gobe za a ɗauki hoto. In tana nan, a cire nan take ko a jira ya gama allura? Sannan wani ya ba su shawara su riƙa kai fitsari gwaji duk wata, in an ga wani abu a tare shi da wuri.

Likitan Ƙoda:

In tana nan, ba a ciro ta cikin zazzaɓi kafin magani ya kama, domin taɓa ta na watsa ƙwayoyin cikin jini. Ba a kuma jira sai an gama allura, domin yauƙin da ke jikinta zai sake shuka ciwon. A tsakiya ake yi: zazzaɓi ya sauka kwana biyu ko uku, likitocin mafitsara su shiga da na'urar leƙawa su zaro ta, aikin 'yan mintoci ne, sannan a ci gaba da maganin bayan an cire. Tunda ta yi wata huɗu, hoton zai nuna ko ta yi tsatsar duwatsu. In ta yi, ba a fizgar ta da ƙarfi. In kuwa sikanin ya nuna ƙodar ta toshe ta kumbura, wannan ba ya jira, buɗe hanya ake yi nan take.

Shawarar gwajin wata-wata ban goyi bayanta ba. Da yawan masu dashe suna ɗauke da ƙwaya a fitsari ba tare da ciwo ba. A da ana bin kowace da magani. An gwada wannan a Beljiyam da Faransa kan mutum 199 da suka wuce wata biyu da dashe, aka wallafa a 2021. Rabi aka ba magani, rabi aka bari. Waɗanda aka ba ba su tsira daga ciwon ba fiye da sauran, sai dai sun sha magani ninkin-ba-ninkin, kuma ƙwayoyin da suka biyo baya sun fi taurin kai. Tun 2019 ma ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta ce bayan watan farko kada a nema, kada a yi magani. Ana shuka fitsari ne idan akwai zafin fitsari, zazzaɓi, ciwo a kan ƙodar, ko za a yi aikin da zai taɓa hanyar fitsari. Wari ko duhun fitsari kaɗai yawanci ruwa yake nema.

In bayan cire siten ƙwayar nan ta sake dawowa, ga namiji sai a zargi furostet, shi kuma maganinsa mako huɗu zuwa shida ne.

Nas ta Tafo:

Likita, ina da ɗan ƙari a kan wannan. Barin ƙwaya mara ciwo yana da kyau ne idan gida akwai ma'aunin zafi kuma an san amfani da shi. Su saya, su riƙa rubuta zafinsa safe da yamma, da nauyinsa, da yawan fitsarin da yake yi, aƙalla makonnin farko bayan sallama. Fitsari ya ragu, ko amai ya hana shi riƙe takrolimus sau biyu a jere, asibiti ne ko babu zazzaɓi.

Ruwa lita biyu zuwa biyu da rabi a rana, wato ledar fiya wata huɗu zuwa biyar, sai in likita ya ƙayyade masa. Ya yi fitsari duk awa biyu zuwa uku ko bai matsu ba. Kada ya riƙe don tsaron alwala daga Azahar zuwa La'asar, dattawanmu suna da wannan. In ya gama ya ɗan jira minti ɗaya ya sake gwadawa, na biyun nan shi ke fitar da saura. A duba sukarinsa, takrolimus da firednisolon suna jawo ciwon suga ga wanda ba shi da shi a da, fitsari mai zaƙi kuwa gona ce. Ga mata masu dashe, tsarki da buta daga gaba ne zuwa baya, fitsari bayan saduwa, kuma wadda ta daina al'ada ta tambayi likita man istirojin na shafawa. Azumi a shekarar farko ta dashe likitoci ba sa ba da shawararsa, ya tambayi malaminsa batun ramuwa ko ciyarwa.

Masu zuwa dubiya za su kawo jiƙo, sassaƙe, bitas da maganin sanyi na masu lasifika a tasha. A karɓa a yi godiya, kada ya sha, ba a san abin da za su yi wa takrolimus ba. Akwai wani magani, metenamin, giram 1 sau biyu a rana, da wasu likitoci ke ba masu yawan komowar ciwo. Ba antibayotik ba ne, a cikin fitsari mai tsami yake rikiɗa ya kashe ƙwaya, don haka kanwa tana ɓata aikinsa. Ba a haɗa shi da Septrin, sai a bar maganarsa har ya cika wata shidansa likita ya duba.

A ɗakin da yake kwance kuma, tunda ESBL ce, mai jinyarsa ta wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta taɓa fo ko robar fitsari, butarsa ta zama tasa shi kaɗai. In an sa masa robar, kullum da safe ta tambayi likitan zagaye ko yau za a cire.